Ƙullin Ciyawa a Hanyar Basirka

Haladu ya ɗaga lauje ke nan zai kai sara, sai fakara ta tashi fir daga gindin gamba. Ya durƙusa ya leƙa. Ƙwai ne kwance a ɗan rami, da ɗuminsu.

Shi Haladu leburan hanya ne, aikinsa yanke ciyawar gefen kwalta tsakanin Birnin Kudu da Basirka. A shekarun nan da kuɗin mai suka kawo kwalta, gonaki sun cinye jeji kakaf, sai ɗan siririn nan da ke tsakanin titi da kunya. Nan tsuntsaye suka tare. Marai na saƙa a ƙaya, kurciya na tsintar hatsin da manyan motoci ke zubarwa, wasu kuma na jere bisa wayar tangaraho kamar masu jiran mota. Haladu kan tsaya kallonsu har lauje ya huce a hannunsa. Matarsa A'i takan ce gwamnati albashin kallo take biyansa.

To, ga manyan baƙi za su wuce ran Alhamis, kuma Bappa, shugaban leburori, ya rantse duk wanda ya bar ko tsinke ɗaya a tsaye ya bar aiki.

Haladu ya sake duban ƙwan. Can ya tuna yadda masu jinka ke ƙulle kan ciyawa don a san tana da mai ita. Ya bi gambar nan ya ƙuƙƙulle ta, ƙulli bisa ƙulli, har abin ya wuce misali.

Da la'asar Bappa ya iso a kan kekensa. Ɗan birni ne, bai taɓa yankan jinka ba, amma ya sha jin labarin sammu.

"Malam Haladu, wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, akwai mai wurin. Tana ciki."

Bappa ya ce shi ba ya tsoron kowa sai Allah, ya karɓi laujen. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, fakara ta tashi fir ta gefen kunnensa. Sai ga lauje a gabas, hula a yamma.

Da numfashinsa ya dawo, ya kakkaɓe riga, ya dubi dutsen mil, ya ce ai in an bi ƙa'ida wurin nan na leburorin Gwaram ne. Na Gwaram da suka zo suka ga ƙulli, suka ce na Birnin Kudu ne. Ran Alhamis baƙi suka wuce a guje, ko waiwaye ba su yi ba.

Bayan ƙwai sun fashe, wata safiya A'i ta kira shi bakin gonarsu. Fakara ce da 'ya'yanta a jere, suna tonon gyaɗar Haladu.

"Maigida, baƙinka sun zo godiya," in ji ta.

Haladu ya ɗauki hoge zai jefa. Ya juya shi a hannu, ya ajiye, ya zauna kallo.