Damin Irin Dada

Tun ranar da Ikrima ya fara zuwa neman aiki a shagon iri da taki na Malam Sada a Birnin Kudu, magana ɗaya yake ji: saura abu ɗaya. Aikin na jami'in gona ne, mai zaga ƙauyukan Gwaram yana tallar irin kamfanin da Malam Sada ke wa dillanci, kuma Ikrima ya dace da shi, don yana da difloma a aikin gona, ta daɗe tana barci a ƙasan akwati. An yi masa tambayoyi ya amsa. Sai aka ce saura abu ɗaya, ya zo da babur. Ya lallaɓi kawunsa Iliyasu ya ara masa nasa. Saura abu ɗaya, ya yi gwaji a shago, ba ko sisi. Ya yi ta sauke buhunan taki har kafaɗarsa ta saluɓe. Saura abu ɗaya, ya kawo mai unguwarsu ya tsaya masa. Ya goyo tsohon tun daga Zandam, aka shanya shi a benci har azahar, sannan aka gaisa da shi a tsaitsaye.

Malam Sada ba ya tsawa. Irin mutanen nan ne masu taushin murya, da za su taka ka suna yi maka sannu. Ranar da ya zo da sabuwar buƙata ma sai da ya sa aka kawo wa Ikrima ruwan sanyi.

"Malam Ikrima, aikin nan naka ne, na gama magana da na sama. Amma ta yaya za ka ce wa manomi ya bar tsohon irinsa alhali na gidanku yana rataye? Ka kawo mini shi nan. Shi ne shaidar ka yarda da abin da za ka sayar."

Sai dai irin gidan su Ikrima ba nasa ba ne, na kakarsa Dada ne, wadda ta rene shi. Kowace kaka Dada kan bi gona da kanta ta zaɓi zangarniyar gero mafi cika, ta ɗaure dami ɗaya da ƙyallen tsohon zaninta, a rataye shi a madafi saitin murhu, hayaƙi ya tsare shi daga ƙwari. Ba mai taɓa shi sai ranar ruwan shuka. Ran nan matan unguwa, zawarawa da masu marayu, sukan taru a tsakar gida da ƙananan ƙorai, Dada ta sussuka ta ɗibar wa kowacce da hannunta. Gero ne mai saurin nuna, shi ke fid da gidaje da yawa daga yunwar tsakiyar damina. Haka ta gada daga uwar mijinta.

Ikrima ya yi ta juya maganar. Ya san in ya tambaya, Dada za ta yi dariya ne ta ce, "Maigidana, zafin rana ne ya taɓa ka?" Haka take kiransa tun yana rarrafe, da wasan jika da kaka. Ya kuma san sa'o'insa duk sun yi aure, shi ko sabulun wanki daga hannun tsohuwar yake fitowa. Sai shaiɗan ya kawo masa dabara. Idon Dada ya yi rauni, madafin kuma duhu gare shi. Ranar da ta tafi barkar haihuwa, ya sauke damin, ya ɗauko na ci daga rumbu ya rataye a gurbinsa. Ya ce wa kansa ai nunawa kawai zai yi, da an ba shi aiki zai roƙa a mayar masa kafin ruwa ya sauka.

Malam Sada ya karɓa yana murmushi, ya sa aka zagaya da shi baya. Ya ce a dawo ranar Lahadi a yi maganar fara aiki.

Ranar Lahadi gari ya waye da wani irin zafi mai danƙo, iska ta tsaya cak. Duk manomin da Ikrima ya wuce a hanya fuskarsa na gabas. Kafin ya isa Birnin Kudu gabas ɗin ta fara duhu. Hankalinsa ya tashi, don in wannan hadarin ya zubar, yau Dada za ta sa hannu a madafi.

Ya tarar da Malam Sada da wani ƙaramin buhu a kan tebur, cike da iri mai jan magani.

"Ranka ya daɗe, na zo."

"Madalla. Saura abu ɗaya, daga shi shi ke nan." Ya tura masa buhun. "Na ji labarin kakarka. An ce duk abin da ya fito daga hannunta matan Zandam ba sa tambaya. To, bana wannan za ta raba musu. Ka wanke jan, ka juye mata a ƙwarya in ta gama sussuka. Ba sai ka dame ta da bayani ba, tsohuwa ce."

"In yaudare ta ke nan?"

"Subhanallahi, wace irin magana ce wannan? Alheri za ka yi musu. In sun ga amfaninsa, baɗi da ƙafarsu za su zo su saya."

"Ranka ya daɗe, wannan irin sai da taki sosai. Matan nan ba su da halin taki. Kuma ba a ajiye shi a sake shukawa."

"Shi ya sa muke sayar da takin ai," in ji Malam Sada, a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. "Malam Ikrima, akwai mutane a waje suna jira. Kai na zaɓa. Kada ka ba ni kunya."

Aka yi wata tsawa can nesa. Ikrima ya dubi buhun. Wallahi ya so aikin nan, ya so shi har cikin ƙashinsa, hannunsa ma sai da ya kai kan buhun. Sai ya tuna Inna Zahara'u maƙwabciyarsu, mai marayu biyar, yadda takan riƙe ƙwaryarta da hannu biyu tana jero wa Dada addu'a. Ya janye hannun.

"A ba ni damina."

"Wane dami? Ai ka kawo ka ba da."

"Ba nawa ba ne da zan bayar. A ba ni."

Murmushin Malam Sada bai gushe ba. "In ka fita da shi, kada ka dawo. Kuma dillalan garin nan duk mun san juna."

Ikrima ya zagaya bayan shagon. A nan ya ga wata budurwa zaune a kan dakali, rungume da ɗan damin dawa. Ya gane ta, Munawwara ce daga Kangire, tare suka amsa tambayoyi ranar farko, ya ɗauka tuni an sallame ta.

"Kai ma an ce maka aikin naka ne?" ta tambaye shi.

Amma idonsa ya riga ya kai ƙarƙashin rumfa. Dammuna ne zube, na gero da na dawa, na gidaje daban-daban, ga ragunan kiwon Malam Sada biyu a ɗaure kusa da su suna ta aiki. Ya hango ƙyallen shuɗin zanin Dada a ƙarƙashin ƙafar rago. Ya ture shi ya fizgo damin. Gefe ɗaya duk an cinye, sai karare tsirara. Ya ji kamar ya kurma ihu.

"Tashi ki mayar da naku gida," ya ce wa Munawwara. Ya tuɓe babbar rigar da ya aro don neman aikin, ya naɗe abin da ya saura, ya ɗaure a ƙirjinsa, ya tayar da babur.

Hadarin ya tare shi tun kafin rabin hanya. Iska ta riƙa jifar babur ɗin gefe, ruwa na dukan fuskarsa har ba ya ganin kwalta sosai, ya duƙa a kan damin yana tafiya yana salati. Ya wuce Gwaram bai tsaya ba. Daga inda kwalta ta ƙare ya faɗi sau biyu a taɓo, kowace faɗuwa da bayansa yake sauka don kada damin ya taɓa ƙasa. Fatansa ɗaya, kada Dada ta riga ta raba geron ci a matsayin iri.

La'asar sakaliya ya isa, ruwan ya tsagaita, ƙasa na ta ƙamshi. Daga zaure ya ji shirun, ya san ya makara. Tsakar gida cike take da mata, kowacce da ƙwaryarta a cinya. Dada na zaune a kan tabarma, damin rumbu a gabanta ko kwance shi ba ta yi ba. Tana taɓa shi ta ji babu maiƙon hayaƙi, ta gane ba damin iri ba ne.

Ikrima ya durƙusa a cikin taɓo ya warware rigar. Dada ta lalubi ƙyallen, ta kai zangarniya ɗaya hancinta, sannan ta bi damin da tafin hannu har ta isa inda karare suke tsirara. Hannun ya tsaya a nan.

"An ba ka aikin?"

"A'a, Dada. Na fasa."

Ta gyaɗa kai. Ta sa aka kawo turmi, ta sussuka da kanta, ta sheƙe, ta juye a ƙwarya. Bai kai rabin abin da aka saba gani ba, kowa ya gani. Matan suka fara kallon juna, Inna Zahara'u ta sunkuyar da kai tana juya ƙwaryarta.

Dada ta tura ƙwaryar gabansa. A shekarunta duka ba ta taɓa barin wani hannu ya raba ba.

"Ikrima," ta ce, ba Maigidana ba, ya ji sunan nasa ya yi masa nauyi. "Bana kai za ka raba. Ba za a ɗibar wa gidan nan ba. In ya ƙare, waɗanda ba su samu ba ka dubi idonsu ka gaya musu inda ya tafi."

Ya ɗago ƙwaryar, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya dubi layin matan har zuwa bakin zaure, ya sa hannu ya ɗiba, ya fara da Inna Zahara'u.