Haƙoran Zarto

Shekara arba'in ina buga gwangwani a unguwar Limanti. Kurfoti, mazurari, bututun zuba mai, duk abin da ake lanƙwasawa ya bi ta hannuna. A Kano aka haife ni, amma yanzu in na je can ɓata nake yi. Na faɗi wannan ne don a san wanda ya sha kunya a labarin nan ba ɗan koyo ba ne.

Ya Kellu maƙwabciyarmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. A garin nan "Ya" ake ce wa uwa, "Ba" kuma uba. Maginiya ce, kaskon turaren wuta take ginawa, irin mai ƙafar nan da ba amaryar da za ta tare a garin nan babu shi. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Bara babban yatsanta na dama ya sandare. Ginin kam tana iyawa da tafin hannu da sauran yatsu. Amma in kasko ya sha iska ya isa kankara, sai an matse sakaina da babban yatsa kafin a rage masa kauri, kuma a nan aiki ya tsaya mata. Kaskon da ba a kankare ba nauyi gare shi kamar dutsen niƙa, in an sa shi a wuta kuma fashewa yake.

Tana da ɗa, Mahfuz, yana aiki a wata ƙungiya a Abuja, irin mutanen nan da suke rataya kati a wuya don kada su manta sunansu. Yaro ne mai kirki, wannan na yarda. Da ya ji labarin yatsan sai ya ce ta tattara ta koma wurinsa ta huta. Ita kuwa ta taɓa zuwa sau ɗaya. Ta ce ɗaki ne a saman bene, sanyin inji, kwana tara ba wanda ya yi mata sallama sai mai gadi. Suka ja, suka ja, har suka tsaya a kan magana guda: zai zo ƙarshen wata, in ta kankare kasko ɗaya a gabansa ya bar ta, in ta kasa ta shiga mota.

Don kada a ce bai yi adalci ba, ya aiko mata da kayan aiki daga waje, a cikin jaka mai zif. Matata Hanifa ta kawo mini na gani. Guda goma sha biyu ne, kowane da 'yar waya a lanƙwashe a baki, ƙotarsa siririya kamar fensir. Wato mace ta ce ba ta iya matse sakaina, sai aka aiko mata da abin da ya fi sakaina wuyar riƙewa. Wannan shi ne amfanin karatu. Yumɓun Ya Kellu kuma da dakakken tsingaro take haɗa shi, kafin azahar wayoyi uku sun miƙe, ta huɗu ta karye a cikin kasko.

Na ce wa Hanifa ta gaya mata ta kwantar da hankalinta, ni Gambo ina raye.

Na samo tsohon zarton yanka ƙarfe wurin masu walda. Na sa shi a garwashi ya yi ja, na lanƙwasa shi da awartaki, na yi masa ƙota mai kauri da icen darbejiya. Sannan na zauna da magagari na goge haƙoran zarton ɗaya bayan ɗaya. Yini guda cur na yi a kai, don ni ba na fitar da aiki da gargada. Na wasa bakin har sai da ya aske gashin hannuna. Duk wanda ya wuce na nuna masa. Wani mai nama ma ya ce in yi masa irinsa.

Hanifa ta kai, ta dawo ta ce Ya Kellu ta gode, Allah ya saka da alheri. Na jira ƙarin bayani, shiru. Kwana huɗu shiru. Ran na biyar na tambaya, sai Hanifa ta ci gaba da tsince shinkafarta kamar ba da ita nake ba. Da na matsa ta ce ai kayan yana aiki sosai.

"Jiya ma na ga tana kankare ƙanzon tukunya da shi."

"Ƙanzo?"

"Ƙanzo, Malam. Ta ce ba ta taɓa samun abin da yake fitar da shi tas haka ba. Ka ga ka yi suna."

Ashe kasko biyar ya yaga mata. Ba ta faɗa ba, don a wurinta wanda ya ba ka kyauta ba a mayar masa da ƙorafi. Ga shi saura kwana shida Mahfuz ya iso, ita kuwa har ta fara raba wa mata tsofaffin tabarmi da randuna.

Ranar ban ci abincin rana da daɗi ba. Wanzami dai ba ya son jarfa. Da la'asar na sa Hanifa ta yi mini iso, na shiga gidan da shekara talatin ban taɓa wuce zaurensa ba. Na same ta a gindin darbejiya, ƙafafu a miƙe, kasko a kife a kan cinya. Muka gaisa da yaren garin, wushe, wushe, ta tambayi aiki, na tambayi jiki, muka yi ta kewaya maganar kamar masu neman aure. Daga ƙarshe na ce ta yi haƙuri ta nuna mini yadda abin yake yagawa.

Ta aika aka ɗauko shi daga wurin wanke-wanke. Ta ɗora a bayan kaskon ta jawo shi zuwa cikinta. Ni kuwa na wasa shi ne don a tura gaba, yadda muke yi da ƙarfe. Bakin ya kama ƙwayar tsingaro, ya nutse, ya tafi da tsoka guda.

"Ba Gambo," ta ce, "yumɓu ba rago ba ne. Ba yanka shi ake yi ba, sosa shi ake yi."

Ta ɗauko tsohuwar sakainarta ta miƙo mini. Gefe ɗaya sumul, dakusasshe. Ɗaya gefen kuwa an tsattsaga shi da wuƙa, ƙananan haƙora a jere. Ta ce da mai haƙoran ake fara rage kauri, su suke bi tsakanin tsingaro ba su tone shi ba, sannan a juya a shafe da mai sumul. Sai ta tambaye ni, da ladabi ƙwarai, ko irin zarton nan ba ya zuwa da haƙora daga kamfani.

Hanifa ta juya baya tana tari.

Na ce yana zuwa da su. Ta ce to, Allah ya kyauta.

Na biyun bai ci mini rabin sa'a ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Zarto na samu, na bar masa haƙoransa yadda Allah ya nufa, bayansa ma ban wasa shi ba. Na karɓo fasasshen kasko daga wurinta na lanƙwasa ƙarfen daidai da bayansa. Ƙotar na sa ta a gicciye yadda za ta kwanta a tafin hannu, na ɗaura robar tiyub ta zagayo bayan yatsu huɗu, babban yatsa ya zauna gefe kamar baƙo a gidan biki. Muni kam ba a magana. Wannan ban nuna wa kowa ba, a cikin leda na sa aka kai.

Mahfuz ya iso ranar Asabar da mota mai baƙin gilashi, har ya sa an kwantar da kujerun baya saboda kaya. Aka kira ni shaida. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya dubi abin da ke hannun uwarsa, ya tambaya ina kayan da ya aiko. Ta ce tana adana su, kayan kirki ba a ɓata su da laka.

Ta kifa kasko ta fara ja. Yumɓu yana zubowa siri-siri kamar taliya. Ta juya, ta ja, ta ƙwanƙwasa da farce ta kasa kunne, ta ƙara ja a inda sautin bai yi mata ba. Hannun yana ba ta wahala, na gani, shi ma ya gani. Sau biyu ta tsaya ta yarfe shi. Mahfuz ya buɗe baki, ta ce bai kai lokacin magana ba. Da ta gama ta juya bayan zarton ta shafe, ta miƙa masa kaskon. Ya ɗaga, ya jinjina, ya duba ciki da waje, kamar ya taɓa sanin nauyin kasko.

"Guda ɗaya ne fa, Ya. Gobe fa? Jibi fa?"

"Ɗaya muka ce."

Ya dube ni yana neman agaji. Na ce ni dai ɗaya na ji an ce, kuma ni ban yi makarantar da zan mayar da ɗaya biyu ba.

Ya kwana biyu, ya kai ta asibiti aka duba yatsan, ya sayo mata buhun gawayi da man shafawa, ya tayar da kujerun baya ya koma shi kaɗai. Motar ba ta gama fita daga layi ba Hanifa ta shigo da saƙo. Wai Ya Kellu ta gode, amma robar tana cin bayan hannu, kuma tana son ƙarami na bakin kasko da wani siriri na ƙafa, kafin Laraba. Wai kuma kada in wahalar da kaina da ƙawata su.