Ƙarar da Ta Cinye Muryar Auta

Tsohuwar ta fizge wayar injin walda daga bango, wuta ta ɗauke a hannun mai walda.

"Iya, lafiya? Kashe ni za ki yi?"

"Kai ka fara kashe ni! Kwana tara ban ji muryar ɗana ba saboda wannan shegen injin naka."

Autanta yana aiki a jirgin kamun kifi, can tsakiyar teku inda waya ba ta kamawa. Kullum ƙarfe huɗu takan shiga gidan maƙwabcinta, wani tsohon ma'aikacin gidan waya da unguwa ke kira Mai Eriya, ya haɗa su ta rediyon da yake hira da mutanen nesa. Ranar ƙarshe yaron ya ce, "Inna, ƙafata ce ta..." sai wata ƙara ta taso kamar ana suya a kasko, ta cinye sauran. Tun ranar ba ta lafa ba. Ta je ofishin masu wuta, suka ce ta rubuto takarda. Ita da ko sunanta ba ta iya rubutawa! Ta zage su tas ta dawo.

Mai Eriya ya iso yana haki, da ƙaramar rediyo mai batir a hannu.

"Yaya, ga injin a kashe. Saurara." Ƙarar tana nan daram. "Ba shi ba ne."

"To ubana ne?"

"Iya, ni dai a mayar min da wayata," in ji mai walda.

Ba ta ko kalle shi ba. Ta bi Mai Eriya yana tafe a hankali, yana juya rediyon hagu da dama. Ya ce in sun kusanci mai laifi ƙarar za ta ƙaru. Suka sa mai aski ya kashe abin askinsa. Suka sa mai kanti ta kashe firji, tana ƙunƙuni. A banza. Saura minti ashirin ƙarfe huɗu ta buga.

Ƙarar ta ƙaru a ƙofar gidanta.

"Ƙarya rediyon nan take," ta ce. "Me na ajiye? Fanka ma ba ni da ita."

Ya wuce tsakar gida, ya tsaya a bakin ɗakin Auta. Rediyon ta kama ihu. Katifa a naɗe, takalman ƙwallo a ƙarƙashin kujera, ƙwan fitila yana ci da rana tsaka.

"Yaushe kika sa wannan?"

"Tsohon ne ya ƙone, na sayo sabo a bakin titi." Ta lanƙwasa yatsu tana ƙirga kwanakin. Tara.

"Irin waɗannan na banza haka suke feso ƙara. Ga eriyata can a kan katangarki. Kashe shi."

"Ba zan kashe ba." Ta tare makunnin. "Ran da ya tafi na rantse ɗakin nan ba zai yi duhu ba sai ya dawo. Wata bakwai ban taɓa makunnin nan ba."

"Yaya, saura minti biyar. Ko fitila ko muryarsa."

Ta daɗe da yatsa a kan makunnin, tana kallon takalman. Ta danna. Rediyon ta yi tsit, har suna jin tsiyayar famfo.

Ba ta san da gudu ta faɗa gidan Mai Eriya ba sai da ta ga ƙafarta ɗaya babu takalmi. Ya murɗa babbar rediyonsa, ya kira sau uku. Shiru. Ta riƙe bakin tebur. A na huɗu wata murya ta fito can ƙasa, a dushe.

"Inna? Kwana tara ina kira."

Ta fizge abin maganar da hannu biyu.

"Rufe min baki, ɗan banza. Wace ƙafar ce?"