Sha Biyar da Uku

Koci biyar ƙungiyar Taurarin Jiddari ta ɗauka ta sallama cikin shekara goma sha ɗaya, amma mataimakin koci ɗaya ne tal, Mikail, yana nan daram a kan bencinsa. Kuma wallahi a yau ko mai sayar da rake a bakin fili ya fi shi amfani. A ce ya kawo ƙwallaye ya kawo rabi. A ce ya ɗaga allon canji ya ɗaga lambar wanda bai ma zo wasan ba. Ana wasa kowa idonsa na kan ƙwallo, shi nasa na kan kawunan 'yan wasa, leɓensa na motsi, yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya. Yaran sun raɗa masa suna Ƙidaya, har a gabansa suke faɗa, bai taɓa ɗaga kai ba.

Mutanen unguwar Jiddari Polo da ke Maiduguri kuwa ba a raba su da bayani. Wasu su ce asiri ya yi wa ciyaman. Wasu su ce surukai ne. Akwai wanda ya rantse da Allah cewa nono ɗaya suka sha. Duk ƙarya ne, kuma Ba'ana, wato shi ciyaman ɗin, mai shagon huluna a Hausari wanda ya kafa ƙungiyar da guminsa, yana jin su ya yi murmushi ya ce, "Ku bar bawan Allah ya ci abinci." Daga nan sai ya nemi wani abin gogewa a shago ya hau gogewa.

Abin da ya kai maganar bango shi ne wasan ranar Asabar. Saura minti uku a tashi, ɗaya da ɗaya, wasan da in an ci za a hau rukuni na gaba. Wani mai tsaron bayan Taurari ya ji ciwo aka fitar da shi bayan raga ana zuba masa ruwa. Mikail bai ga fitarsa ba. Ya ƙirga ya ga goma. Ya sake ƙirgawa, goma. A daidai lokacin ɗan gaban Taurari ya yanke mai tsaron gida, daga shi sai raga, sai ga Mikail a tsakiyar fili da silifas ɗaya yana ihu, "Ku tsaya! Ku tsaya! Ba su cika ba!" Alƙalin wasa ya hura usur. Kai, ranar ba don Allah ya sa akwai 'yan sintiri ba da 'yan kallo sun yi masa ɗan banzan duka.

Ranar Litinin da hantsi koci Yoila ya zo shagon Ba'ana. Dogo ne, ba ya son dogon zance, bara aka ɗauko shi daga Jos kuma shi ya tayar da ƙungiyar daga kwance. Ba'ana ya yi masa sannu, "Wushe, Koci, bismilla ga kujera." Bai zauna ba.

"Ciyaman, ko ni ko shi. Yau nake son amsa."

"Haba Koci, a yi haƙuri mana. Mutum ne mai iyali."

"Ni ma na yi haƙuri. Shekara guda ina zama benci ɗaya da mutumin da ya bar ƙanena a daji. Na haɗiye saboda kai, saboda abin da kake yi wa Mama. Yanzu kuma ƙwallon ma ba zai bar mu mu buga ba?"

Ya juya ya fita. Ba'ana ya zauna da hula a hannu, ya rasa a kan wane katako ya ɗauko ta. Abin da ya shekara goma sha ɗaya yana tsoro ke nan, ranar da za a ce ya kori Mikail da bakinsa. Don shi kaɗai ya san cewa labarin da duk Maiduguri ta sani game da Jona, ƙanen Yoila, rabinsa ne kawai.

Ga yadda abin ya faru. A shekarun da gari ya rikice, lokacin da ake rufe ƙofar shiga Maiduguri ƙarfe biyar na yamma, ƙungiyar ta je wasa wani gari ta hanyar Damaturu da 'yan wasa goma sha takwas. Mikail a lokacin ba haka yake ba. Shi ke tsara atisaye, kuma shi ke ƙirga yara kafin mota ta tashi. Yana da dabararsa da yake taƙama da ita. Ya ce waɗannan shaiɗanun yaran ba sa tsayawa wuri ɗaya sai a sahun salla, don haka in an tsaya salla a hanya sai ya bari su daidaita sahu, ya ƙirga su kafin ya tayar da kabbara. Sha biyar. Sai ya ƙara uku, Jona da Pindar da Victor, Kiristocin da ke jira a mota. Sha takwas ke nan. Shekara huɗu yana haka lissafi bai taɓa ɓace masa ba.

A hanyar dawowa suka tsaya la'asar a gefen wani ƙauye da mutanensa suka watse. Jona, ɗan shekara goma sha tara, mai buga gefen hagu, cikinsa ya murɗa tun safe. Ya sauka ta ɗaya ƙofar ya zaga bayan wasu kangaye. Pindar da Victor na barci. Ana sallame salla aka ji harbi daga nesa, ba a san daga wane ɓangare ba. Kowa ya kwashi takalmi a hannu aka afka mota. Direba ya ce, "Sun cika?" Mikail ya ce, "Sun cika." Ya riga ya ƙirga sha biyar ɗinsa, ya ƙara ukunsa a ka.

Labarin da aka sani shi ne sai da aka iso ƙofar gari aka ankara, lokacin ba halin komawa. Ba haka ba ne. Ba a fi minti goma da tashi ba Mikail ya waiwaya ya ga jakar Jona ita kaɗai a kujera. Ya lallaɓo gaba, ya sunkuya a kunnen Ba'ana. "Ya Ba'ana, Jona ba ya ciki. Mu juya." Ba'ana ya duba agogo, huɗu da minti ashirin. In an juya ba za a sami ƙofa a buɗe ba, kuma harbin nan ta baya yake. Ya dubi madubi ya ga kawunan 'ya'yan mutane goma sha bakwai. Ya riƙe hannun Mikail ya matse. "Koma ka zauna. Kada ka buɗe baki sai mun shiga gari."

Washegari suka koma da rakiya. Ba Jona, ba gawa, ba ko takalmi. Har yau.

Juyawar da bai yi ba, Ba'ana ya sha gaya wa kansa kowane mai hankali abin da zai yi ke nan, kuma wataƙila gaskiya ne. Abin da ba ya iya gaya wa kansa shi ne dalilin da ya sa, da mahaifiyar yaron ta zube a ƙasa tana tambayar wa ya bar mata ɗa, ya yi shiru ya bar idanu suka koma kan Mikail. Direban da ya ji komai ya rasu bayan shekara biyu. Mikail bai taɓa cewa uffan ba. Tun daga ranar kansa ya tsaya a ƙirge, komai na ƙwallo ya zube masa. Ba'ana kuwa ya zama mutumin kirki a gidan Mama Rose, mahaifiyar Jona, da ke Moduganari, duk Kirsimeti da buhun shinkafarsa, tana sa masa albarka a coci da sunansa. In ta hangi Mikail a hanya tsallakawa take yi.

Bayan azahar Ba'ana ya hau keke napep zuwa fili. Ya shirya maganar tun a hanya, mai laushi, da alkawarin zai nemo masa wani abin yi a kasuwa. Ya tarar da Mikail shi kaɗai a gindin darbejiya yana jera riguna a kan benci, ya kai ƙarshe ya dawo farko. Ya rame, furfura ta cinye masa gemu, alhali Ba'ana ya ba shi shekara shida.

"Mikail, wushe da aiki."

"Ya Ba'ana, wushe. Na san abin da ya kawo ka. Koci yana da gaskiya, na ɓata musu wasa."

"Ka ga, ba wai..."

"Ba komai, wallahi ba komai. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ranar da za su yi tafiya a bar ni in zo tasha. Ba sai na bi su ba. In shiga motar in taɓa kan kowa da hannuna, in sauka. Sai dai ƙirgen dawowa ne ban san wa zai yi ba." Ya gyara wata riga a kan benci. "A gaya wa wanda zai yi kada ya ƙirga a sahu. Ya shiga motar."

Ba'ana ya zauna a kan rigunan. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ke sa mutum ya ji warin jikinsa. "Shekara goma sha ɗaya, Mikail. Ana zaginka, ana tofa maka yawu. Me ya hana ka faɗa?"

Mikail ya dube shi da mamaki na gaske. "In faɗi me? Ai ni na ce sun cika."

'Yan wasa suka fara isowa atisaye, ana ta shewa. Wani ya ɗaga murya, "Ƙidaya, yau mu nawa ne?" aka kwashe da dariya. Yoila na biye da su da usur a wuya. Ba'ana ya miƙe ya yafuto shi, suka koma bayan ragar da ba kowa. Bai tsara komai ba, maganar ce kawai ta zubo, harbin, agogon, hannun da ya matse. Bai rage ba, bai kuma nemi uzuri ba, ko da yake uzurin na nan a bakinsa yana ƙaiƙayi.

Yoila bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce, "Minti nawa?"

"Goma. Ba su fi goma ba."

"Goma." Ya cire usur ɗin daga wuya ya naɗe igiyar a hannu, ya warware, ya sake naɗewa. "Yana jin tashin motar ke nan. Jona gudu gare shi, ka sani. Zai biyo ku a titi. Zai ɗauka za ku tsaya."

Wannan hoton ai Ba'ana ya fi Yoila saninsa, shi yake gani duk ranar da ya dubi madubin mota.

Can Yoila ya juya ya dubi gindin darbejiya, inda Mikail ke bin yaran da ido, leɓe na motsi. Ya daɗe yana kallonsa.

"Ya zauna," in ji shi. "Kada ya ƙara taɓa allon canji, kada ya ƙara matsowa bakin layi. Amma mota ba za ta tashi ba sai ya ce ta tashi." Ya maido idonsa kan Ba'ana, sun yi ja. "Kai kuma mu je."

"Ina?"

"Moduganari. Shekara goma sha ɗaya tana tsine wa wanda ya ce a juya, tana yi wa wanda ya hana addu'a. Ba ni zan gaya mata ba."

Suka tari keke napep. Mai keken ya yi ta surutunsa a kan wasan Asabar, yana cewa shi da shi ne ciyaman da tuni ya yi waje da wannan mahaukacin, bai san wa ya ɗauko ba. Ba'ana ya yi ta fatan taya ta fashe. Ba ta fashe ba.

Mama Rose na tsakar gida tana tsince wake a faranti. Tana ganinsa fuskarta ta washe, ta ture farantin ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa.

"A'a! Ciyaman da kansa, ba Kirsimeti ba komai? Sannu da zuwa, ɗana, sannu. Yoila, kai ma ba ka ce kuna tafe ba, da na ɗora tukunya." Ta janyo masa kujerar roba ta goge da bakin zaninta. Ta shiga ɗaki ta fito da ruwan sanyi a kofin gilashin da ba a ba kowa sai fasto da shi. Yoila ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a harɗe, bai shigo ba.

"Mama," in ji Ba'ana. "Magana na zo da ita. A kan Jona."

Hannunta ya tsaya cak da kofin. Idanunta suka buɗe, wani haske ya shige su wanda ya sa Ba'ana ya so ƙasa ta tsage.

"An gan shi?" ta ce.