Ranar da Malama Ta Ƙi Yin Ladabi

A gidan su Malama ba a zuwa asibiti wujiga-wujiga. Dokar Mama ce. Sai an yi wanka, an goge kaya, an shafa hoda, kuma idan likita ya ce ya jiki, a ce da sauƙi. A wurin Mama, yin raki gaban baƙo rashin godiyar Allah ne.

To, da wannan ladabin Malama ta yi shekaru tana cutar kanta. Duk wata idan al'ada ta zo, mararta kan murɗa har ta yi amai. Daga baya ma ciwon ya daina jiran wata, tana koyar da lissafi tana dafe da allo. Sai ya lafa za ta je asibiti fes da ita, likita ya ga mace garau, ya rubuta maganin kashe zafi. An yi hoton ciki, wai babu komai. Ana haka shugabar makaranta ta kira ta ofis, ta ce fashin ya yi yawa, ko likita ya faɗi abin da ke damunta ko a ba wani ajinta.

Ranar da ciwon ya sake tasowa, Malama ta zura silifas, ta rungumi robar ruwan zafi, ta nufi asibiti ko fuska ba ta wanke ba. Mama ta biyo ta tana mita, wai za ta ba su kunya.

Likitar mata ce ranar, ga layi har bakin ƙofa. Da layi ya zo kansu, likitar ko kai ba ta ɗago ba ta ce ya jiki. Caraf Mama ta amsa da sauƙi, alhamdulillahi.

"Babu sauƙi," in ji Malama. "Ban taɓa samun sauƙi ba, kunya nake ji."

Sai ta zazzage komai. Yadda bayan gida ke zame mata azaba a kwanakin, yadda zafin ke sauka har cinya, yadda ta taɓa suma a banɗakin malamai. Mama na mintsininta ta ƙarƙashin tebur, ita ko a jikinta. Da Malama ta ga likitar ta ja biro, ta ce idan maganin kashe zafi ne a bar shi, ta sha har ya ishe ta, kuma ba za ta tashi daga kujerar nan ba sai an duba ta da gaske.

Likitar ta ajiye biro, ta kwantar da ita, ta danna nan ta danna can, ta yi ta tambaya. Sannan ta ce tana zargin endometiriyosis ne, wato irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ne yake tsirowa a wajenta, kuma hoto bai cika nuna shi ba. Za a sa mata ranar ƙaramin aiki, a leƙa da kyamara a tabbatar, za ta kuma rubuta wa makaranta. Malama ta ji daɗi, ta kuma ji haushin shekarun da ta ɓata.

Sun miƙe za su fita, Mama ta ƙi motsi. Ta gyara mayafi, ta ce, "Likita, wai dama wannan ciwo ne? Ni har jinina ya ɗauke haka na yi ta fama."

Malama ta jawo kujerar da ta tashi daga kai, ta tura mata.

"Zauna, Mama. Layinki ne."