Haƙorin Mai-Kunne

Mijina makanike ne, kuma kaf layin garejinsu ba mai kiran sunansa, Mai-Kunne suke ce masa. Mota za ta shigo tana tari, sai ya ce a bar ta a kunne, ya ɗora tsinin doguwar sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, ya faɗa maka abin da ya lalace tun ba a kwance ko noti ɗaya ba. Da wannan kunnen ya ciyar da mu, da shi ya aurar da yaranmu. A gida kuwa kunnen nan hutu yake ɗauka. Sai in yi ta zuba daga kicin, labarin maƙwabta, labarin famfon da ke ɗiga, in leƙo in tarar da shi ya miƙe ƙafa ko gezau. Na ce a raina tsufa ne ya zo masa da miskilanci, na bar shi da halinsa, amma abin yana ci mini rai.

Maganar haƙori kuwa ni na gano ta, don shi ba zai faɗa ba. Na ga ya koma tauna da gefe ɗaya kamar akuya, shayinsa ma sai ya huce yake sha. Da na matsa masa ya buɗe baki, sai ga matauninsa na hagu ya ɓantare, gefe guda ya tafi. Na ce asibiti, ya ce ba inda za shi. Wai mai facin taya da ke maƙwabtaka da garejinsu ya gaya masa irin wannan haƙorin hula ake sa masa, kuma ba a taɓa sa hula sai an fara zare jijiyar, haƙorin ya mutu murus ya zama dutse a baki. Na tambaye shi yaushe mai faci ya buɗe asibiti ban je masa murna ba. Bai yi dariya ba. Ya ce shi dai ba mai kashe masa haƙori, ya ɗauki hularsa ya fita.

Na ɗauka tsoron allura ne. Mutumin da ke kwanciya ƙarƙashin babbar mota a kan jak ɗaya, wai allura ce za ta kora shi. Na yi masa gori, na yi lallashi, na haɗa shi da Autanmu ta waya, duk a banza. Sai da ruwan sanyi ya sa shi zabura a gaban baƙi, kofi ya suɓuce masa, kunya ta yi abin da bakina ya kasa.

Ɗakin likitar ƙarami ne, fari fes, yana warin magani. Ga kujerar nan mai kwanciya, ga fitila a sama, ga ƙarafa an jera a faranti, waɗanda maigidan ya bi da kallo irin na wanda ya san kayan aiki. Likitar mace ce, ba za ta wuce sa'ar babbar 'yarmu ba. Ta gaishe mu da ladabi, ta ɗauki hoton haƙorin, ta nuna mana a allo. Ta ce ba kowace hula ke buƙatar a cire jijiya ba. Hula rufi ce kawai, ana sa ta don haƙorin da ya raunana kada ya ƙarasa tsagewa. In jijiyar da ke ciki lafiyarta ƙalau, ba ruwansu da ita, sai in ruɓewa ko tsaga ta kai gare ta ake taɓa ta. A hoto dai ba ta ga abin tsoro ba, amma za ta gwada da auduga mai sanyi. In zafin ya zo ya wuce nan take, jijiya na da lafiya. In ya zauna yana zugi, to sai an cire.

Duk wannan bayanin fuska da fuska ta yi masa, yana gyaɗa kai. Daga nan ta ja takunkumi ta rufe bakinta, ta koma ta bayan kansa.

"Baba, in ka ji sanyin ka ɗaga hannu, in ya wuce ka sauke."

Ta ɗora audugar. Na ga kafaɗarsa ta motsa, amma hannu bai tashi ba. Ta maimaita, ta ɗan ɗaga murya. Yana kwance yana kallon fitila. Na buɗe baki zan ce mata haka yake yi mini a gida, sai na ga idonsa yana yawo yana neman fuskarta, ya same ta, ya tarar da ƙyalle a inda baki yake, ya juyo gare ni yana kallon leɓena. Na tuna yadda ya daina ɗaga waya sai dai ya ce a turo saƙo, da yadda yake zagayowa ya zauna daidai gabana in muna hira. Ashe leɓe yake karantawa.

Likitar ma ta gane. Ta sauke takunkumin, ta dawo gabansa, ta sake yin bayanin a hankali. A wannan karon hannu ya tashi ya sauka nan da nan. Ta ce alhamdulillahi, jijiyar na raye, hula kaɗai za a sa, ko da yake ba za ta yi masa alkawarin har abada ba, wani lokaci daga baya jijiya kan tayar da rigima. Sai ta tambaye shi me yake cizawa haka, don haƙoran gefen nan duk sun siɗe, kuma abinci ba ya yin wannan ɓarnar.

Ya juyar da kai. Ni yake kallo, ba ita ba.

"Ƙotar sukudireba ce," ya ce. "Kunnen ya daɗe da tafiya. In na ciza ta ina jin inji sarai. In kuka kashe haƙorin nan, na gama aiki."

Ashe abin da ya hana shi zuwa ke nan. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, na rasa wanne zan fara da shi.

Likitar ta ce masa ba jijiyar haƙori ke ji ba, ƙashi ne ke kai ƙarar can cikin kunne, ko da an cire jijiyar ma zai ji. Ta ɗauko burushi mai batir ta kunna, ta ɗora masa gindinsa a haɓa, sannan a ƙashin bayan kunne, ta tambaye shi ko ya ji. Ya ce ya ji, har ya ƙara da cewa batirin ya kusa ƙarewa. Ta yi dariya ta ce to daga yau ƙota ta koma bayan kunne, in ya ci gaba da cizo zai fasa hular, kuma a lokacin sai an yi abin da yake gudu. Ta kuma ce lallai ya ga likitan kunne, akwai na'urar da za ta iya taimaka masa.

An gyara haƙorin, an sa masa hular wucin gadi kafin tasa ta fito. A hanya ban ce komai ba, don yana tuƙi, kuma yanzu na san in ba ya kallona magana asara ce.

Da muka isa gida rana ba ta faɗi ba. Ya zauna a kujerarsa ta falo, leɓensa ɗaya a sake saboda allura, ya sunkuyar da kai kamar mai jiran hukunci. Na tsaya a bayansa ina tunanin duk maganganun da na yi ta zubarwa a kicin, har da masu daɗin da ba na iya faɗa masa ido da ido, na yi zaton ya ji ya share. Na sunkuya na ɗora haɓata a tsakiyar kansa, inda gashi ya ƙare, na ce, "Malam, kana ji na?"

Ya lumshe ido irin yadda yake yi a gaban inji.

"Ci gaba," ya ce.

Na ce me zan ce? Ya ce ko mene ne, ko faɗa ne. Sai na fara da famfo, na ce wata nawa ke nan yana ɗiga, gidan makanike guda. Ya kamo hannuna ya riƙe a kafaɗarsa, ya ce da bakinsa karkatacce, "Muryar nan ba abin da ya taɓa ta. Kada ki tsaya."