Mai Kuka a Ɗakin Gwaji

A kamfanin inshorar da nake aiki, ni ce mai kuka. Ainihin aikina duba takardun masu neman diyya ne, amma duk lokacin da aka gama horar da sababbin ma'aikata, ni ake kira gwajin ƙarshe. In zauna a wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da kwalin tishu, in zama matar da mijinta ya rasu bayan ya daina zubin inshorarsa. Sabon ma'aikaci ya shigo ya gaya min ba za a biya ni ba, Manaja na gefe yana kallo. Duk wanda ya ce "za a biya" ko "bari in ga abin da zan iya" ya faɗi, don a wurinmu wannan alkawari ne, kuma bakin ma'aikaci kamfani yake ɗaurewa.

Na iya kukan, ba yabon kai ba. Na sha sa ƙarti su rasa bakin magana.

Bana Dogo na cikin sababbin. Ɗan yayata ne, tun rasuwarta a hannuna ya tashi. Ya gama karatu ya yi ta yawon neman aiki har takalmansa suka ƙare. Matarsa na gidan iyayenta da tsohon ciki, surukinsa ya ce ba inda za ta sai ya ga abin yi a hannun Dogo. A lissafi ya fi kowa a ajin, dokokin inshora kuwa ya haddace su har yana gyara min, ɗan rainin hankali. Wannan gwajin kaɗai ya rage masa.

Ranar gwajin, tun da safe na sami Manaja. "Yallaɓai, a sa wata ta yi masa. Ɗana ne."

"Wace watan? Ke kaɗai gare mu." Ko ɗago kai daga wayarsa bai yi ba. "Ai gara ma haka. In ya iya da ke, ya iya da kowa. Kuma idona na kanki, Malama. Kika sassauta masa, shi zan kayar."

Na juya na fito. A gida mun sha gwadawa, ina wanke-wanke ina cewa mijina ya rasu, shi yana jingine da ƙofa yana ba ni amsa daidai, muna dariya. Da hawaye dai ban taɓa yi masa ba, wa ke yi wa ɗansa kukan ƙarya a kicin?

Da lokaci ya yi, Dogo ya shigo sanye da rigar da na goge masa, ya zauna, ya yi min ta'aziyya kamar bai taɓa ganina ba. Na ji sanyi a raina. Na so in ƙifta masa ido, amma Manaja ya jawo kujerarsa daidai inda yake ganin fuskata. Sai na fara.

Dogo ya yi bayani tiryan-tiryan, cewa inshorar ta daina aiki tun kafin rasuwar. Ya kai har ƙarshe. Saura tambaya ɗaya, wadda nake yi wa kowa, ba ni da ikon tsallake ta.

"To yaran fa? Me zan gaya musu?"

Amsar layi ɗaya ce: na fahimci halin da kike ciki, amma hukuncin ba zai canza ba. A zuciyata ina ta faɗa masa, faɗi mana Dogo, buɗe baki. Shi kuwa ya ƙura min ido. Sai na yi dabarar da nake gani za ta cece shi: na ƙara ƙarfin kukan har ya wuce misali, don ya gane wasa ne, ya tuna dariyarmu. Ashe ƙara masa na yi.

Ya ture kujera, ya zagayo tebur, ya durƙusa a gabana.

"Inna, ya isa haka. Share hawayenki. Za a biya, ni zan tsaya miki."

Manaja ya rufe bironsa. "Mun gode. Ka bar katin shiga wurin mai gadi."

Sai a lokacin Dogo ya dawo hayyacinsa. Ya miƙe. "Yallaɓai, na san amsar." Ya karanto ta, ba tuntuɓe ko ɗaya.

"Na san ka sani," in ji Manaja.

"Yallaɓai, don Allah," na ce. "Ba mai neman diyya ya gani ba, ni ya gani. A sake masa da wata, ko da mai shara ce."

"Duk wadda za ta zauna a kujerar nan innar wani ce, Malama. Ba a maimaitawa, ke ma kin sani."

Na sani. Shekaru nawa ina zaune a nan ana korar 'ya'yan mutane, ban taɓa jin an sake wa kowa ba. Haushi ya cika ni, na rasa wanda zan sauke wa.

A bakin ƙofa Dogo ya juyo. "Inna, ki yi haƙuri." Wai shi ke ba ni haƙuri. Na yunƙura zan bi shi, Manaja ya nuna min kujera da baki, akwai sauran mutane a layi.

Wata yarinya ta shigo, tsaf da ita. Ta yi min ta'aziyya, ta yi bayani. Ban ma tuna ko na yi tambayar yaran daidai ba, kukan ya ƙi tsayawa, har numfashina na sarƙewa. Ta turo min kwalin tishu, ta ce ta fahimci halin da nake ciki, amma hukuncin ba zai canza ba. Ta ci gwajinta ta fita.

Manaja ya dube ni yana gyaɗa kai. "Yau kin fi kullum, Malama. Haka za ki riƙa yi." Ya leƙa waje ya kira na gaba.